Baƙin Tsuntsaye a Bakin Hamada: Wa Ya Gan Su, Wa Zai Shaida?

A watan Disamba na 1892, a birnin Omdurman, Halifa Abdullahi magajin Mahadin Sudan ya sa aka kirawo masa wani fursunansa ɗan ƙasar Ostiriya, Rudolf Slatin, aka miƙa masa wani ɗan kwanson ƙarfe da 'yar takarda a ciki. An kwance shi ne daga wuyan wani tsuntsu dangin gauraka da aka harbo a wajen Dongola, kuma ana zaton saƙon leƙen asiri ne. Da Slatin ya karanta sai ya tarar wani attajiri ne mai suna Falz-Fein, daga gandunsa na Askaniya Noba a kudancin daular Rasha ta lokacin, cikin Yukiren ta yau, yake roƙon duk wanda tsuntsun ya faɗo hannunsa ya sanar da shi inda aka same shi. Halifa bai ga komai a ciki ba sai aikin banza na mutanen da ba su da abin yi. Labarin bai fita duniya ba sai da Slatin ya tsere a 1895.

Shekara 121 bayan haka, a 2013, a lardin Ƙina na Masar, an tsare wata farar shamuwa ta Turai a ofishin 'yan sanda saboda wata na'ura da aka gani a bayanta. Masana ne a Hangari suka ɗaura mata don bin sawunta. An sake ta, ba a jima ba aka tsinci gawarta.

Abin da ya haɗa labaran biyu shi ne: tsuntsu ya zo da shaidarsa a jiki, amma ba a samu mai karanta ta ba sai da ƙyar. To ina ga wanda ya zo ba zobe, ba takarda, ba na'ura, ɗan mitsitsi mai launin ƙasa, ya laɓe a inuwar dutse? Wannan shi ne yawancin abin da ke ratsa Sahara, kuma gane shi aiki ne da ya fi ƙarfin kaifin ido kaɗai.

Yawan su ba kaɗan ba ne. Reginald Moreau, Baturen Ingila da littafinsa kan ƙaurar tsuntsaye tsakanin Turai da Afirka ya fito a 1972, ya ƙiyasta biliyan 5 ne ke shigowa Afirka kowace kaka. Wani lissafi da masana a Suwizalan suka fitar a 2009 ya sauko da adadin ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai zuwa wajen biliyan 2.1. Ko wanne aka ɗauka, ayari ne da babu madugun da ya taɓa jan irinsa. Suna gangarowa daga Agusta zuwa Oktoba, su yi cin raninsu a Sahel ko su zarce kudu, su koma tsakanin Maris da Mayu. A tsakani akwai hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000. Amma mutum zai iya kwana goma a Tenere a tsakiyar wannan lokaci bai ƙirga tsuntsu ɗari ba. Dalili kuwa, a sama suke, kuma da dare. Binciken da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Suwizalan ta yi da na'urar rada a Muritaniya a 2003 da 2004 ya nuna yawancin ƙananan tsuntsaye tafiyar dare suke yi, su sauka da safe su nemi inuwa, kamar dai yadda ayarin gishiri ke gudun rana. Waɗanda ke ci gaba da tafiya da rana kuma sukan haye can ƙololuwa. An auna wani ɗan tsuntsun fadama da aka ɗaura wa na'ura a Suwidin yana tafe sama da mita 5,000 daga ƙasa.

Nan ne wahalar farko take, wadda masu kallon tsuntsaye da yawa ba sa lura da ita. Abin da ka gani a ƙasa ba shi ne abin da ya wuce ba. Herbert Biebach, Bajamushe, ya yi ta kama tsuntsaye yana auna nauyinsu a hamadar Masar a shekarun 1980, ya gano cewa masu ƙiba, waɗanda guzurinsu na kitse bai ƙare ba, ko'ina suke sauka, su yini a ƙarƙashin dutse ba ci ba sha, magariba ta yi su tashi. Ramammu ne ke neman dausayi su zauna kwanaki suna kiwo. Ke nan wanda ya zauna a gindin dabinon Bilma ko Faci ko lambunan Timiya a Abzin yana rubuta abin da ya gani, asibiti ya ziyarta, ba kasuwa ba. Wani nau'in da zai ce ba safai ake ganinsa ba, wataƙila dubbansa sun wuce ta kansa yana barci.

Saboda haka kalmar nan "mai wuyar gani" tana bukatar a warware ta, don abu uku ake cusawa a cikinta. Akwai tsuntsun da ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Akwai wanda yake da yawa a wani wuri amma ya ɓata hanya, iska ta kaɗo shi ko kuwa ɗan bana ne da bai san hanya ba. Sai kuma na ukun, wanda a ganina ya fi yawa a ƙasashenmu: tsuntsun da yake nan kowace shekara, ba ya fashi, sai dai ba mai dubawa. Misali mai kyau shi ne wani ɗan tsuntsun ciyawar fadama mai zane-zane a ka, wanda ke hayayyafa a Folan da Belarus da Yukiren, kuma yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari a Turai. An san Afirka yake zuwa, amma ba a gano takamaiman inda yake yin hunturu ba sai a 2007, a fadamar Juj ta arewacin Senegal. Ba a 2007 ya fara zuwa can ba. A 2007 ne aka shiga ruwa har gwiwa aka nema. Haka wani yautai mai ruwan zinariya, ɗan asalin Sahel ɗinmu, da aka yi karo da shi a Yammacin Sahara a 2015, aka yi ta murna da baƙo. Da aka ci gaba da komawa wurin sai aka tarar har ƙwai yake yi.

To yaya ake ganewa? Amsar da ba mai son ji ita ce: a fara sanin na gida. Baƙo ba ya fita a idon wanda bai san 'yan gari ba. Ɗauki kurciya. Duk yaron ƙauye ya san akwai kurciya iri-iri, ya san bardo da doguwar jelarsa, ya san hasbiya da jan idonta, ya san wala da baƙin zobe a ƙeya. A cikinsu, daga kaka zuwa bazara, akwai wata kurciya da ke zuwa daga Turai. Ba ta da zoben ƙeya. A gefen wuyanta akwai wani ɗan faci mai layi-layi baƙi da fari, gashin bayanta kuma kamar ɓawon kifi, tsakiya baƙi, gefe ruwan goro. Wannan kurciyar ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a Ingila, tun 2015 kuma take cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a duniya. Wanda ya san kurciyoyin garinsu, kallo ɗaya zai yi mata a bakin tafki ya ce wannan ba tamu ba ce. Wanda bai sani ba, littafi goma ba za su cece shi ba.

Kurciya ma mai sauƙi ce. Inda ake gumi shi ne wajen wasu ƙananan tsuntsaye masu tsayawa a kan dutse ko tsibin ƙasa suna kaɗa jela, waɗanda Larabawa ke kira ablaƙ. Iri huɗu ko biyar ne ke haɗuwa a bakin hamadarmu da hunturu, kuma matansu da 'ya'yansu duk launin rairayi ne. Mai gaggawa jiki yake kallo. Gwani jira yake tsuntsun ya tashi ya buɗe jela. Na arewa, farar jelarsa tana da baƙin layi a tsakiya da wani a ƙarshe, sun haɗu kamar sanda da marikinta. Na hamada jelarsa kusan duk baƙa ce. Akwai na uku mai dogayen ƙafafu, mai tsayuwa ƙyam kamar soja, baƙin ƙarshen jelarsa ya fi na na arewa faɗi, fukafukinsa kuma bai yi duhu sosai ba. Kama da wane ba ta wane. Abin da ke sa mutum ya daure wa wannan wahalar shi ne sanin ko wane ne a gabansa: na arewan nan, mai nauyin giram 25 ko kusa da haka, an bi sawun wasunsu daga Alaska har gabashin Afirka, tafiyar kilomita 14,500 zuwa kawai, ban da dawowa.

Haka abin yake ga wasu shahuna biyu sirara masu shawagi ƙasa-ƙasa a kan saura da fadama, fukafukai a ɗage, suna farautar fara da babe. Mazan ba su da wuya: ɗaya toka-toka ne da baƙin layi a tsakiyar fiffike, ɗayan ya fi fari, baƙinsa ɗan tsini ne kawai a ƙarshen fiffike. Na biyun, mai zuwa daga filayen Rasha da Kazakistan, shi ne wanda ya fi ƙaranci. Amma matan da 'ya'yan, sai an duba fuska, a ga ko akwai farar sarƙa a wuya da duhu a bayansa, sai an duba ƙarƙashin fiffike. Ƙwararru da yawa, in ba su samu kyakkyawan gani ba, sukan rubuta "ɗaya daga cikin biyun" su wuce. Ni a wurina wannan rubutun ya fi daraja a kan suna mai daɗi da aka yanka da ka.

Hamada kuma tana da nata makircin. Hasken rana tsaka yana wanke launi, toka ta koma fari, ja ya koma ruwan ƙasa. Hazon hunturu yana shafe komai. Ƙura tana rina gashi, zafin rana yana koɗar da shi, ga shi tsuntsun da ya baro Turai da sabon gashi a Satumba ba shi ne za ka gani a Maris ba. Kawalwalniya tana sa ɗan tsuntsu a kan fili ya yi tsawon tuji, kuma inda babu bishiya ko ɗan Adam a kusa, ido ba shi da abin gwada girma. Ga gajiya: tsuntsun fadama da bai taɓa barin ciyawa ba za ka same shi a ƙarƙashin mota, a inuwar taya, ya hura gashi ya yi zuru, duk ɗabi'ar da littafi ya ce za a gane shi da ita ta gudu. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gaskiya ne kuka na daga cikin manyan shaidu, sai dai matafiyi a hamada yawanci shiru yake. Shi ya sa awa biyun farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta suka fi sauran yinin duka amfani, kuma shi ya sa siffa, wato tsawon fiffike a kan jela, kaurin baki, tsawon ƙafa, yadda yake tafiya, ta fi launi abin dogara.

Inda za a duba ma ilmi ne. Masana daga Holan, ƙarƙashin Leo Zwarts, sun shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye bishiya-bishiya a faɗin Sahel, suka tarar baƙin nan ba kowace bishiya suke hawa ba. Masu ƙaya suke so: gawo, aduwa, dangin farar ƙaya, sai kuma itacen asawaki. Darbejiya, da muka cika garuruwanmu da ita, kusan ba su kula ta. Gawo kuwa manomi ya san halinsa, yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani, wato daidai lokacin da baƙi suke nan yake da ganye da fure da tsutsa. Shi kuma asawaki, tun a shekarun 1960 wasu masana uku, Fry da Ash da Ferguson-Lees, suka yi zango a Malamfatori a bakin Tafkin Cadi, suka ga yadda ƙananan tsuntsaye ke cika ciki da 'ya'yansa da ƙwarin tafki suna tara kitse kafin su fuskanci arewa. Duk wanda ke neman baƙon tsuntsu a Yobe ko Damagaram, gara ya zauna awa guda a gaban gawo ɗaya da ya yini yana zaga gari.

Ga na ruwa kuma akwai fadamar Hadeja da Nguru, wadda a gaskiya ita ce mashaya ta farko ga mai fitowa daga hamada ta wannan ɓangaren. Agwagin Turai kan sauka a cikin kirinjijiya da dinya, a Dagona da Baturiya da tafkin Nguru, wanda aka sa shi cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2000. A cikin dubban agwagin nan ne mai haƙuri ke tsinto wata ja-ja mai farin ƙarƙashin jela, namijinta da farin ido, wadda ita ma tana raguwa a duniya. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamar, ciyawar kacala ta toshe hanyoyi, manoma da masunta sun fi kowa sanin wannan. Kuma alaƙar ruwanmu da tsuntsayensu ba zato ba ce. A bazarar 1969 mutanen Birtaniya suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, da suka saba jin kukansa a kowane shinge, kusan kashi uku cikin huɗu bai dawo ba. Sai daga baya aka gane farin da ya fara a Sahel a 1968 ne ya cinye su, farin da ya kai mu ga yunwar farkon shekarun 1970.

Saura batun shaida, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a yi tauri. An yi wani tsuntsun bakin ruwa mai siririn baki lanƙwasasshe da a da yakan taso daga Saiberiya zuwa gaɓar Bahar Rum. Gani na ƙarshe da ba a jayayya a kansa shi ne na watan Fabrairun 1995 a tafkin Marja Zarga na Maroko. A 1998 aka ga wani mai kama da shi a arewacin Ingila, ɗimbin mutane suka je, aka ɗauki bidiyo, kwamitin ƙwararru ya amince. Bayan fiye da shekara goma ana muhawara, aka sake dubawa aka soke. A 2024 masana suka bayyana cewa nau'in ya ƙare. Idan ƙasar da ke da dubban masu kallo da manyan madubai za ta yi wannan tuntuɓe, mutum ɗaya a bakin rijiya a Tarmit ya kamata ya ji tsoron idonsa. Ido yana ganin abin da zuciya ke so. Maganin kuwa tsoho ne: a rubuta abin da aka gani nan take kafin a buɗe littafi, a zana ko da zanen bai yi kyau ba, a sa rana da wuri da lokaci, a faɗi abin da ba a samu gani ba, a ɗauki hoto ko da na waya ne ta bakin madubin hangen nesa, a naɗi kuka in ya yi. Manhajoji irin su Merlin suna taimako, amma abin da aka ciyar da su suke mayarwa, kuma hotunan Sahel da sautukanta ba su kai na Turai da Amurka yawa a cikinsu ba. Shawara ce suke bayarwa, ba hukunci ba.

Abin da ke damuna a wannan fage shi ne wanda ke riƙe da alƙalami. A 1920 wani Bature, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano zuwa Abzin yana tara tsuntsaye wa gidan tarihin Rothschild da ke Tring a Ingila, kuma wani babban kaso na abin da aka fara sani game da tsuntsayen wannan yanki daga irin waɗannan tafiye-tafiye ya fito. Da raƙuman wa ya tafi, wa ya nuna masa rijiya, wa ya ce masa ga inda tsuntsu kaza ke kwana? Makiyayi da maharbi da Buzun ayari suna da idon da ɗan birni ba zai samu ba ko ya shekara yana karatu. Mu ma muna da tsuntsuwar ƙaura da muka sa wa ido tun kaka da kakanni: shamuwa, wadda in ta sauka a kan kuka ko tsamiyar gari manomi ya san ya gyara gona, ba kuma mai taɓa ta. Tana yin gida a wurinmu da damina, ta tafi kudancin Afirka da kaka. Wato al'adar lura tana nan. Abin da babu shi ne rubutawa, da kuma sunaye, don ƙananan baƙin nan da yawa "tsuntsu" kawai muke ce musu. An fara gyara: cibiyar APLORI da ke kusa da Jos tana horar da 'yan Afirka ta Yamma a wannan ilmi tun farkon shekarun 2000, shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015 ya jawo matasa daga arewa, a Nijar kuma akwai rumbun bayanai da ya faɗaɗa ya haɗa da maƙwabta. Sai dai wuraren da suka fi bukatar ido, bakin Tafkin Cadi, arewacin Mali, sassan Agadas da Diffa, su ne rashin tsaro ya rufe. Ko inda ake zaune lafiya, saurayi mai madubin hangen nesa da kyamara a bakin gari, in bai fara gaida mai gari ya yi bayani ba, shi ma za a yi masa kallon da aka yi wa gaurakan Dongola.

Wani lokaci kuma shaidar tana zuwa ne bayan an makara. A 2013 aka ɗaura wa wani ɗan farar ungulu, irin wadda ake kira ungulun Masar, na'urar tauraron ɗan'adam a dajin Dadiya na Girka, aka sa masa suna Paskalis. Irin wannan ungulu ba ta da wuyar ganewa in ta girma: fara ce, bakin fukafukai baƙi, fuska rawaya, jela mai tsini, ba kamar ungulun mahauta da muka sani ba, 'ya'yanta ne masu duhu, sai a jela ake rarrabe su. A yankin Balkan saura 'yan ƙalilan. Paskalis ya tsallake teku, ya tsallake Sahara, ya sauka kudancin Nijar. A farkon 2014 na'urar ta nuna ya daina yawo, sannan ta nuna shi a cikin gari. Da masu bincike daga Nijar da Najeriya suka bi sawu, suka tarar maharbi ne ya kashe shi don kasuwar masu tsibbu da ke sayen sassan ungulu. A Nijar ɗin dai, a duwatsun Kutus da ke arewacin Gure, irin ungulun nan tana yin gida a kan tsauni, kuma wasu daga cikin masu gadin gidajen nata a yau mutanen ƙauyukan wurin ne.